Malamin da ya ƙi barin coci, ya kuma ƙi daina kiran gyara: nazarin shekaru 20, daga 1516 zuwa 1536

Wannan nazari ya bi sawun mutum ɗaya ne, Desiderius Erasmus, limamin cocin Katolika kuma malamin tauhidi, haifaffen garin Rotadam a ƙasar Holan ta yau. A nan Malamin kawai za a riƙa kiransa. Matsalarsa ita ce, ya shafe shekaru yana kira a gyara coci daga ciki, sai wani, Martin Luther, ya ɗauki kiran gyaran ya kai shi inda coci ta dare gida biyu. Daga nan kowane ɓangare ya ce lallai sai Malamin ya fito fili ya faɗi wanda yake bi.

Asalinsa da abin da ya sa a gaba, kafin 1516

An haife shi a ƙarshen shekarun 1460. Mahaifinsa limamin coci ne, kuma babu aure tsakaninsa da mahaifiyar yaron, abin da ya zame masa tabo a dokar coci har ya girma. Ya yi makaranta a Deventer. Annoba ta ɗauke iyayensa biyu yana matashi, masu riƙonsa suka matsa masa ya shiga gidan zuhudu na Steyn, kusa da Gouda. A 1492 aka naɗa shi limami. Zaman gidan bai karɓe shi ba. Da ya samu aikin magatakarda wurin bishop na Cambrai sai ya fita, ya wuce Paris karatu a 1495, ya ƙetara Ingila a 1499, inda ya ƙulla abota da masana biyu, John Colet da Thomas More. Bai sake komawa zaman gidan zuhudu ba, ko da shugaban gidan ya aiko masa da kira a 1514.

Yana cikin malaman da suka ce a koma ga nassin asali. A ganinsu, jami'o'in lokacin sun lulluɓe Littafi Mai Tsarki da sharhi kan sharhi da muhawarar mantiƙi, har ɗalibi ya gama karatu bai taɓa zama da Bishara daga farko zuwa ƙarshe ba. Maganin da suka kawo shi ne a koyi Helenanci da Ibrananci da Latin mai kyau, a karanta manzanni da malaman coci na farko da harshensu. Malamin ya koyi Helenanci ne da girmansa, bayan ya haye shekara 30. Ya karɓi digirin dakta a tauhidi a Turin a 1506. A rubuce-rubucensa ya caccaki ziyarar kaburburan tsarkaka da ake yi don neman biyan buƙata, da kwaɗayin 'yan zuhudu, da Paparoman da ke jan rundunar yaƙi. Abin da yake so a gani shi ne Kirista da ke bin Almasihu a ɗabi'arsa, ba a al'ada kaɗai ba.

Akwai wani abu da za a riƙe tun daga nan, domin zai yi tasiri daga baya. A lokacin Malamin ba shi da gida, ba shi da kujerar dindindin. Da alawus ɗin manya yake ci: na babban bishop na Canterbury, William Warham, da na Yarima Charles, wanda ya naɗa shi mashawarci a 1516 kafin ya zama sarkin Daular Rum Mai Tsarki. Duk masu ciyar da shi 'yan Katolika ne.

Aikin 1516

A farkon 1516 maɗaba'ar Johann Froben da ke Basel ta fitar da Sabon Alkawari da Helenanci, gefe da gefe da Latin da Malamin ya gyara, tare da bayanansa. Shi ne na farko da ya shiga hannun jama'a a buge. An yi aikin cikin gaggawa da 'yan rubutattun kofi kaɗan. Kofin Wahayin Yahaya da ya samu ba shi da shafin ƙarshe, sai ya mayar da ayoyi 6 na ƙarshe daga Latin zuwa Helenanci da kansa. Ya kuma bar wata jimla ta 1 Yahaya 5:7, wadda ake kafa hujjar Triniti (aƙidar Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Allah ɗaya) da ita, saboda bai gan ta a kofin Helenancin da ke gabansa ba. Wannan ya jawo masa suka daga Edward Lee na Ingila da Zúñiga na Sifaniya, har ya sa jimlar a bugu na uku a 1522.

Ya sadaukar da aikin ga Paparoma Leo na 10, Paparoma kuma ya karɓa. A 1517 ya sahale masa ya ajiye tufafin zuhudu, ya kuma ɗauke masa hanin da asalin haihuwarsa ya jawo. A wannan shekara Malamin ya zauna a Leuven, cikin Beljiyam ta yau, yana taimaka wa kafa kwalejin harsuna uku. Sarakuna na gayyatarsa, ɗalibai na tahowa daga nesa don su gaishe shi.

Matsalar ta kunno kai, 1517 zuwa 1519

A watan Oktoba 1517 Martin Luther, ɗan zuhudu Bajamushe, ya fitar da batutuwansa 95 yana sukar takardun gafara da ake sayarwa, masu alkawarin sassauta horon zunubi. Da yawa daga cikin abin da ya faɗa, Malamin ya riga ya faɗe shi da lafazi mai laushi. Mutane suka haɗa sunayen biyu nan da nan. A Leuven wasu malaman tauhidi, musamman Nicolaas Baechem na ɗarikar Karmel, suka riƙa hawa mumbari suna cewa shi ne ya buɗe ƙofar bidi'a, har aka yi ta raɗe-raɗin wai da hannunsa a littattafan Luther. A Jamus kuwa matasan malamai suka ɗauka nasu ne, suna jiran ranar da zai fito ya ja gaba.

A watan Maris 1519 Luther ya rubuto masa wasiƙar neman zumunci. Tun daga wannan rana, duk amsar da zai bayar tana da farashi.

Yunƙuri na farko: shiru a fili, shawara a wasiƙa, 1519 zuwa 1521

Ya amsa wa Luther a ƙarshen watan Mayu 1519. Ya ce shi yana ƙoƙarin tsayawa a tsakiya ne don ya iya yi wa ilimi hidima, ya kuma shawarce shi da tausasa harshe, yana mai cewa ladabi ya fi hargagi cin nasara. Ga masu tambayarsa kuwa amsa ɗaya ya riƙe: bai san Luther ba, kuma bai karanta littattafansa sosai ba. A lokaci guda ya rubuta wa manya, ciki har da babban bishop na Mainz, cewa kada a murƙushe mutum kafin a saurare shi a nuna masa kuskurensa.

Dabarar ta dogara ne da sirri, sirrin kuma bai riƙu ba. Wasiƙun sun faɗa hannun masu ɗab'i, aka buga su ba da izininsa ba. Abin da ya rubuta wa mutum ɗaya ya zama abin karantawa a kasuwar littattafai ta Frankfurt.

A watan Yuni 1520 Paparoma ya fitar da takardar gargaɗin korar Luther, a watan Oktoba aka ƙona littattafansa a Leuven. A watan Nuwamba sarkin Saxony, Frederick, wanda Luther ke ƙarƙashin kariyarsa, ya kira Malamin a Cologne ya tambaye shi ko Luther ya yi kuskure. Amsar da aka ruwaito daga gare shi ita ce, laifin Luther biyu ne: ya taɓa kambin Paparoma, ya kuma taɓa tumbin 'yan zuhudu. Ya rubuta wa sakataren sarkin wasu gajerun batutuwa, yana ba da shawarar a miƙa maganar ga alƙalai masana waɗanda ba su da ɓangare. Su ma ba a daɗe ba aka buga su. Jakadan Paparoma, Aleander, wanda suka taɓa zama ɗaki ɗaya a Venice, ya riƙa aika rahoto Roma cewa Malamin ya fi Luther haɗari.

Shawarar alƙalai ba ta je ko'ina ba. A watan Afrilu 1521 Luther ya tsaya gaban majalisar daula a Worms ya ƙi janye maganarsa, a watan Mayu aka haramta shi. A watan Yuli Malamin ya rubuta wa wani abokinsa Bature ɗan Ingila cewa ba kowa ke da ƙarfin shahada ba, kuma yana tsoron idan rikici ya taso zai yi irin ta Bitrus, almajirin da ya yi musun sanin Almasihu. A Leuven matsin ya kai ana neman ya rubuta raddi ko a lissafa shi cikin 'yan bidi'a. A ƙarshen Oktoba 1521 ya tattara ya bar garin.

Yunƙuri na biyu: sauya gari, 1521 zuwa 1523

Ya isa Basel a watan Nuwamba. Gari ne mai cin gashin kansa cikin tarayyar Suwizalan, nesa da hannun jami'ar Leuven, kuma ga maɗaba'ar Froben a kusa. A nan ya samu sararin aiki. Ya ci gaba da fitar da rubuce-rubucen malaman coci na farko, ya kuma kammala bayanin Bisharu huɗu cikin sauƙin lafazi, kowanne ya sadaukar da shi ga wani sarki.

Amma matsin ya biyo shi har can. Sabon Paparoma, Adrian na 6, ɗan ƙasarsu ne daga Utrecht, ya rubuto masa sau biyu yana roƙonsa ya ɗauki alƙalami a kan Luther, ya kuma taho Roma. Malamin bai je ba. Ya aika shawara: a yi afuwa ga waɗanda suka kauce, a taka wa ƙasidun zagi birki, a nuna wa duniya da gaske ake za a gyara abin da ake kuka da shi, a kuma tara mutanen kirki daga ƙasashe daban-daban su tattauna. Adrian ya rasu a watan Satumba 1523, ba a aiwatar da komai ba.

Daga ɗaya ɓangaren kuma ga Ulrich von Hutten, tsohon masoyinsa da ya zama mai zafin goyon bayan Luther. Ya iso Basel a ƙarshen 1522 a gudu, ba lafiya, ba kuɗi. Malamin ya aika masa kada ya zo gidansa. Hutten ya rubuta ƙasida yana kiransa matsoraci mai baki biyu. Malamin ya mayar da martani mai zafi, amma kafin martanin ya bazu Hutten ya riga ya mutu a wani tsibiri cikin tafkin Zurich, a watan Agusta 1523.

Yunƙuri na uku: muhawara cikin ladabi, 1524 zuwa 1527

A watan Afrilu 1524 Luther ya rubuto yana neman ya zauna ɗan kallo, kada ya shiga. Sarkin Ingila Henry na 8 da wasu manya kuma suna ta matsa masa. A watan Satumba ya fitar da ɗan littafi a kan zaɓin ɗan Adam.

Yadda ya zaɓi batun abin lura ne. Bai kare takardun gafara ba, bai kare ikon Paparoma ba, don a nan shi ma yana da ƙorafi. Ya je inda yake da saɓani na gaskiya da Luther. Luther ya ce a sha'anin ceto mutum ba shi da zaɓi ko kaɗan, alherin Allah ne ke yin komai. Malamin ya jero ayoyin da ke nuna zaɓi da waɗanda ke nuna akasinsa, ya ce idan mutum ba shi da hannu ko kaɗan, mene ne ma'anar umarni da hani da sakamako? Ya kawo misalin uba da ɗansa ƙarami da bai iya tafiya ba. Uban ya nuna masa tuffa, ya ɗaga shi, ya riƙe shi yana takawa, har ya sa masa tuffar a hannu. Yaron ba shi da abin taƙama, amma dai ya yi wani abu, tunda yana iya ƙin miƙa hannu. Ya ƙara da cewa akwai mas'alolin da Nassi bai warware su sarai ba, gara a bar su ga malamai, a koya wa jama'a tuba da aikin kirki. Wanda ya karanta tauhidin Musulunci zai tuna da jayayyar Jabariyya da Ƙadariyya, ko da yake a nan maganar ta ta'allaƙa ne ga ceto da zunubin asali.

Amsar Luther ta fito a watan Disamba 1525, ta fi nasa tsawo nesa ba kusa ba. Ya yaba masa da cewa shi kaɗai ne ya kama ainihin maganar, sauran duk gefe suke bi. Daga nan ya dira a kansa. Ya ce Ruhu Mai Tsarki ba mai shakka ba ne, kuma wanda ba ya son tabbatattun maganganu ba Kirista ba ne. Malamin ya ji zafin wannan ƙwarai. Ya mayar da dogon raddi kashi biyu, a 1526 da 1527, wanda mutane kaɗan suka karanta. Zumunci tsakaninsu ya yanke ke nan.

Ɓangaren Katolika ma bai gamsu ba. A Paris, Noël Béda ya ja tsangayar tauhidi ta yi Allah wadai da littafinsa na hirarraki a 1526, ta kuma soki jerin maganganunsa a 1527. A Sifaniya aka tara malamai kimanin 30 a Valladolid a bazarar 1527 don bincikar aƙidarsa. Taron ya watse ba hukunci bayan annoba ta ɓulla, kuma shugaban kotun binciken aƙida na lokacin, Alonso Manrique, mai sassauci ne gare shi. A watan Oktoban shekarar Froben ya rasu.

Basel ta juya, 1529

Jagoran gyara a Basel shi ne Oecolampadius, mutumin da ya taya shi aikin Sabon Alkawari shekaru 13 da suka wuce. Ranar 9 ga Fabrairu 1529 jama'a suka kutsa babbar cocin garin da sauran coci-coci, suka farfasa siffofin tsarkaka, washegari aka tara su aka ƙone. Majalisar gari ta soke Mas, babbar ibadar Katolika. Babu wanda ya taɓa Malamin, har ma so ake ya zauna. Amma ya ga zamansa zai zama kamar sa hannu ne a kan abin da aka yi.

Ya fara aika kuɗinsa da kayansa a ɓoye, ya nemi takardar kariya daga Sarki Ferdinand, ƙanin Charles, ya gana da Oecolampadius suka yi sallama cikin mutunci. Ranar 13 ga Afrilu ya shiga jirgin ruwa a mashigar gadar kogin Rhine, jama'a na tsaye suna kallo, ba wanda ya tare shi. Ya sauka a Freiburg, garin Katolika. Kwana huɗu bayan haka aka ƙona Louis de Berquin a Paris, mutumin da ya fassara wasu rubuce-rubucensa zuwa Faransanci, wanda Malamin ya sha gargaɗinsa ya yi hattara.

Yunƙuri na ƙarshe da rasuwa, 1530 zuwa 1536

Bai halarci majalisar Augsburg ta 1530 ba, amma ya rubuta wa jakadan Paparoma, Campeggio, cewa yaƙi ba zai warkar da komai ba. A 1533 ya fitar da littafi kan ɗinke ɓarakar coci: kowane ɓangare ya sassauta a abin da ba jigon imani ba, kamar azumi da yawan ranakun idi da siffofi, har a kira babban taro. Manyan ɓangarorin biyu ba su saurara ba. Ƙasar Cleves ce ta tsara dokar cocinta kusa da wannan ra'ayi.

A 1535 Henry na 8 ya sa aka sare kan John Fisher a watan Yuni, da Thomas More a watan Yuli. A wannan shekara Paparoma Paul na 3 ya ba shi muƙami a Deventer, aka kuma yi maganar ba shi hular kadinal, muƙamin da ke bin na Paparoma. Ya ƙi duka. Tsakuwar ƙoda da ciwon gaɓoɓi sun riga sun cinye shi. Ya koma Basel don ya kula da buga babban littafinsa kan wa'azi, ya sauka gidan ɗan Froben. A nan ya rasu a daren 11 wayewar 12 ga Yuli 1536. Aka binne shi a babbar cocin garin, wadda ta riga ta zama ta Furotesta, wato masu gyaran da suka rabu da Roma, alhali shi limamin Katolika ne har ranar mutuwarsa. Dukiyarsa ya bar ta amana a hannun abokinsa Bonifacius Amerbach, don ɗalibai marasa hali da aurar da 'yan mata matalauta da taimakon gajiyayyu.

Bayan ransa

Luther ya yi amfani da bugu na biyu na Sabon Alkawarinsa, na 1519, wajen fassara zuwa Jamusanci a 1522. William Tyndale ma a kan nassinsa ya dogara wajen fassarar Ingilishi. A 1547 aka ba da umarni a ajiye bayaninsa na Bisharu a kowace coci a Ingila. A taron Trent, cocin Katolika ta tabbatar a 1547 cewa mutum na amsa alherin Allah da zaɓinsa, matsayin da ke kusa da wanda ya kare. Duk da haka a 1559 Paparoma Paul na 4 ya haramta littattafansa gaba ɗaya. A 1564 aka sassauta, aka bar haramcin kan wasu, sauran sai an tace su.

Abin da ya ci da abin da ya faskara

Sulhu ya faskara, kuma dalilin a fili yake. Malamin ya ɗauki rikicin a matsayin saɓanin malamai, wanda masana kaɗan za su warware a ɗaki da Latin. Tun 1520 maganar ta fita daga ɗaki. Ta shiga ƙasidun Jamusanci da ake karanta wa jama'a, ta haɗu da kuɗin da ake kwasa zuwa Roma, da filayen gidajen zuhudu da sarakuna ke hange, da majalisun garuruwa masu son iko da cocinsu. Maɗaba'ar da ta ɗaukaka shi ita ce ta hana wasiƙarsa zama sirri. Shirun shekaru biyar ɗin farko ma ya cutar da shi: da ya faɗi saɓaninsa da Luther a 1520, da an ɗauke shi ra'ayin malami, amma a 1524 kowa ya ɗauka tilasta shi aka yi.

A ganina kuma ba za a wanke shi a maganar Hutten ba. Mutum ne mara lafiya da ake farauta, Malamin ya rufe masa ƙofa don kare sunansa. Haka cewar bai karanta Luther sosai ba, kariya ce wadda ta yi kusa da kauce wa gaskiya.

Amma waɗanda suka tsaya a kan kalmar tsoro ba su yi masa adalci ba. Matsoraci yakan fake ne a inda ƙarfi yake, kuma an buɗe masa ƙofar Roma sau biyu, an buɗe masa ta Basel, ya ƙi shiga. Abin da ya tsaya a kai bai sauya ba daga 1516 zuwa 1536: a gyara coci, kada a raba ta, kada a kashe mutum saboda mas'alar da Nassi bai fayyace ba.

Abin da ya yi masa aiki shi ne ƙin karɓar kujera. Da yake ba shi da muƙamin da za a ƙwace, ba shi kuma ƙarƙashin jami'a ko fada ɗaya, duk lokacin da gari ya nemi mayar da shi tutarsa sai ya tashi: Leuven a 1521, Basel a 1529. Ya bazu a wurin masu kariya da yawa, ta yadda idan Paris ta yi masa hukunci akwai mai tare masa a Sifaniya ko Roma. Wannan ne ya kuɓutar da shi daga makomar Berquin, ya kuma ba shi shekaru 15 na aiki bayan Worms. A cikinsu ya fitar da bugu uku na Sabon Alkawari, a 1522 da 1527 da 1535, tare da rubuce-rubucen Irenaeus da Ambrose da Augustine da Chrysostom, waɗanda malaman ɓangarorin biyu suka riƙa buɗewa suna kafa wa juna hujja da su.